Mutumin Gashuwa

Sunana Kyari. A Kwaciri, cikin Kano, aka haife ni, kakana ne ya zo daga Barno. Shekara hamsin na yi ina bugun jikin mota da guduma, har kunnena ɗaya ya toshe. Abokina ɗaya ne a duniya, Nwabueze, mai sayar da kayan mota a Sabon Gari. Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ya ci a kwanona, na ci a nasa. Ɗansa Tochukwu a gabana ya girma. Waya ce ta shiga tsakanina da gidan nan.

Ban ce a saya mini waya mai gilashi ba. 'Yata Jawahir ce ta saya. Malamar makaranta ce, tana aure a Fagge, kullum bayan la'asar sai ta leƙo mu. Ba a yi wata biyu ba wayar ta hana gidana sakat. Ina cin abinci, ta yi kuka. Ina alwala, ta yi kuka. Wannan ya ce fili yake sayarwa a hanyar Zariya. Waccan mace ce, wai tana da maganin ƙarfin maza. Ni, da furfurata. Wani ya ce daga banki yake, in karanto masa lambar da ke bayan katina. Na ce ya zo ƙofar gidana ya karɓa da hannunsa. Bai zo ba.

Ran nan Jawahir ta zauna a tabarma ta karɓi wayar.

"Baba, na sa mata mai gadi. Duk lambar da ta dame ka, ka nuna mini in toshe ta. Ba za ta ƙara shigowa ba."

"In ya sake lamba fa?"

"Mu sake toshewa. Amma don Allah, in ba ka san murya ba, ka danna jan nan. Kada ka ce komai."

"Mutum ya yi mini sallama in kashe masa waya? Haka uwarki ta koya miki?"

"Ba mutum ba ne, Baba, ɓarawo ne."

"Ɓarawo ma in ya yi sallama ana amsa masa."

Matata Kubura tana bakin murhu, ta yi dariya. "Ƙyale shi, Jawahir. Wannan ko akuya ce ta kira shi sai ya tambaye ta ya iyali."

Jawahir ta ci gaba da taɓe-taɓe tana yi mini bayani. Ban saurara ba. A wata guda ta toshe lamba ta fi talatin. Kiran ya ragu, bai ƙare ba.

Ina da ɗa namiji, shi ne na fari. Direban tankar mai ne, tsakanin Legas da Kano. Ba na faɗin sunansa, uwarsa ma ba ta faɗa. Haka muka tarar ana yi wa ɗan fari, kuma ko a nan ba zan rubuta ba. A Gashuwa aka haife shi, gidan iyayen Kubura, don haka tun yana tsumma nake ce masa Mutumin Gashuwa. A waje ba wanda ya san wannan suna. Ni ne, da Kubura, da Jawahir, da shi mai sunan. Matarsa ma ba ta taɓa ji ba. Da wannan sunan Jawahir ta ajiye mini lambarsa a waya.

Sai wayar ta daina ɗaukar caji. Na kai wa Tochukwu. Yana da rumfar gyaran waya a Kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan lantarki. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan Fagge. Wayar ta kwana biyu a wurinsa. Ya kawo mini ita har gida, ya durƙusa ya gai da Kubura, ta ba shi kunun gyaɗa ya sha.

Kwana takwas bayan nan, ranar Alhamis, na dawo daga azahar ina zaune a tsakar gida. Kubura na tsintar wake kusa da turmi. Waya ta yi kuka. Saboda kunnena, kullum a buɗe nake sa muryar, kowa na ji.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

"Ba ruwanka da wa ke magana. Mutumin Gashuwa yana hannunmu. Mun sauke shi daga tankarsa tun safe."

Sai na ji ƙarar bulala a jikin mutum. Na ji ihu, irin na babban namiji da ya kai ƙarshe. Aka sake zuba masa. Muryar ta dawo.

"Da kunne za mu fara, Baba. Ka gaya wa tsohuwa ta saurara."

Kubura ta miƙe. Farantin wake ya kife. Ta buɗe baki za ta kira shi, ta kira sunansa na yanka, wanda ba ta taɓa faɗa ba shekara arba'in da huɗu. Sai ta yanke jiki ta faɗi. Goshinta ya bugi bakin turmi. Da na ɗago ta, jini ya rufe mata ido ɗaya, bakinta ya karkace gefe. Wayar ta faɗi ƙasa cikin wake, mutumin yana ta magana, yana faɗin inda zan tura kuɗi. Ban ji ba.

Maƙwabta suka taya ni muka sa ta a adaidaita, wani ya kira Jawahir ya gaya mata. Muna bakin asibiti waya ta sake kuka. Mutumin Gashuwa ne da kansa. Yana Mokwa, ya tsaya cin shinkafa, ya ga Jawahir ta kira shi sau tara.

"Baba, lafiya? Me ya faru?"

"Ka gama cin abincinka, ka taho."

Likita ya ce jininta ne ya hau, ɓarin hagu ya shanye. Ya ce magana ƙila ta dawo, ƙila ba za ta dawo ba.

Na zauna a benci ina lissafin bakunan da suka san sunan nan. Kubura ba ta faɗa wa kowa ba. Jawahir ta rantse. Shi kansa kunyar sunan yake ji. Saura waya. Sunan yana cikinta a rubuce, kuma hannu ɗaya ne ya riƙe ta kwana biyu.

Na gaya wa Jawahir. Ta kama mini riga.

"Baba, Tochukwu fa? Ka bari in bincika. Ka ba ni kwana biyu."

"Uwarki an ba ta kwana biyu?"

"Ka ba ni wayar kawai."

Na jefa mata ita a cinya.

Ranar Asabar da hantsi na buɗe akwatin kayan aikina. Na ɗauki gudumar da nake miƙar da ƙofar mota, na sa a aljihun babbar riga. Da ƙafa na tafi.

Kasuwa ta cika. Tochukwu yana zaune a bayan teburinsa, fitila a kan wata waya da ya buɗe, yana ɗaukar wani ƙanƙanin ƙusa da hantsaki. Ya gan ni ya yi murmushi.

"Baba! Sannu da zuwa. Ya jikin Mama? Jiya na je asibiti da matata Uchechi aka ce ka fita."

"Wa ka sayar wa sunan?"

"Wane suna, Baba?"

"Sunan ɗana. Wanda ke cikin wayata."

"Ban buɗe wayarka ba, Baba. Bakin caji kawai na canza. Zauna mana, ga kujera, fuskarka..."

"Ka sha kunu a hannunta."

"Baba, wallahi ban gane ba."

"Kai kake ce mini wallahi?"

Na zaro gudumar. Bugun farko a kan akwatin gilashin da yake jera wayoyin mutane ya sauka. Gilashi ya tarwatse har rumfar gaba. Tochukwu bai gudu ba. Ya miƙa hannun dama zai kare wayar da yake gyarawa, don ta wani ce. Hannun ya kwanta a kan tebur, yatsu a baje.

Shekara hamsin ina bugu. Ban taɓa kuskure inda na nufa ba.

Na ji ƙashi ya ba da ƙara a ƙarƙashin ƙarfe. Na ɗaga na sake. Bai yi ihu ba da farko, ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne. Yatsa ɗaya ya koma baya, ɗaya ya fashe kamar an taka tumatir. Sannan ihun ya zo.

Na ɗaga na uku, wani ya maka mini kujera a ƙeya. Na faɗi kan gilashi. 'Yan kasuwar suka rufe ni. Ƙafa, katako, wani da sarƙar kulle rumfa. Sarƙar ce ta cire mini haƙora biyu. Na kama ƙafar wani na murɗe, na ji ya faɗi. Wani ya taka mini wuya. Ina jin ana ta ihu da yarensu, ina jin ana jan ƙofofin rumfuna ana bugawa. Daga bakin layi wata murya ta ce da Hausa, "Ana kashe tsoho! Ana kashe Musulmi!" 'Yan dako suka yar da kaya suka taho da itace. Mata suka fara gudu da yara. Na taɓa ganin yadda irin wannan ke farawa a garin nan, na kuma ga inda yake ƙarewa.

Sai wani nauyi ya faɗo a kaina. Nwabueze ne. Rumfarsa tana bayan layin, wani ya ruga ya gaya masa. Tsoho mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ya kwanta a kaina ya rufe ni da jikinsa. Katakon da aka nufe ni da shi a bayansa ya karye. Ya daka wa mutanensa tsawa da yarensu. Ya juya ga 'yan dako da Hausa.

"Ku tsaya nan! Ba faɗan kowa ba ne! Ɗana ne, wannan kuma yayana ne! Maganar gida ce! Wanda ya ɗaga itace, Allah ya isa!"

Suka tsaya. Ban san dalili ba. Wataƙila don sun ga jinin da ke bakinsa.

Aka ɗauki Tochukwu a baro aka fita da shi bakin titi. 'Yan sanda suka zo suka tafi da ni da gudumata. Kafin la'asar Nwabueze ya zo ofishin a dafe da ƙugu. Ya ce musu ba ya ƙara. Suka yi ta ja, ya ce ɗansa ne, shi ya haife shi, ba ya ƙara. Suka riƙe gudumar suka sake ni.

A bakin ƙofa ya tsaya ya dube ni.

"Kyari, me ya yi maka?"

"Ya sayar da gidana. Je ka asibiti ka ga Kubura."

"Ka tabbata?"

"Na taɓa gaya maka abin da ban tabbata ba?"

Ya juya. Ya tare adaidaita ya shiga.

Ranar Lahadi da safe ina zaune a zaure, bakina a kumbure, haƙarƙarina a ɗaure da rawani. Jawahir ta shigo ba ta gaishe ni ba. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yin haka ba. Ta zauna a ƙasa ta ajiye wayar a tsakaninmu.

"Ranar da na sa maka toshewa, na gaya maka na sa wayar ta riƙa naɗe duk maganar da aka yi."

"Ban ji ba."

"Na sani. Tun ranar Alhamis nake bin su ɗaya bayan ɗaya, ina neman muryar mutumin. Jiya da azahar na samu. Lokacin kana hannun 'yan sanda."

"To?"

"Wannan kiran, kwana goma sha biyu kafin ka kai wa Tochukwu wayar aka yi shi."

Ta danna. Muryar ce, ba ko shakka, amma a sanyaye.

"Salamu alaikum, Baba."

Sai na ji wani tsoho ya amsa, da ƙarfi, irin na mai toshewar kunne.

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

"Haba Baba. Ba ka gane muryata ba?"

"Mutumin Gashuwa ne?"

Muryar ta amsa.

"Shi ne, Baba."

"Muryarka ta shaƙe. Wannan wace lamba ce? Kuna Legas ko kun taso da tankar?"

"Mun taso, Baba. Wayar abokina ce."

"To ka yi a hankali. Kada ka kira uwarka da labarin hanya, jinin nata ya hau kwanan nan."

"To, Baba."

Kiran ya yanke.

Na tuna ranar. Ina gyara ƙafar gado ne a tsakar gida. Na ɗauka rashin sabis ne ya katse mu, na ci gaba da aikina.

"Sake sawa," na ce.

Ta sake. Na ce ta ƙara. Sau uku na ji tsohon nan yana miƙa wa ɓarawo sunan ɗansa, da sana'arsa, da ciwon matarsa, ba wanda ya tambaye shi.

"An cire wa Tochukwu yatsa ɗaya," in ji Jawahir. "Biyu an sa musu ƙarfe. Likita ya ce ba zai ƙara riƙe abu ƙarami ba. Yara uku, Baba."

"Na san ko su nawa ne."

"Na ce ka ba ni kwana biyu."

Na ɗaga hannu zan mare ta. Ba ta kauce ba. Na sauke.

"Nuna mini inda ake dannawa."

Ta nuna mini. Na gwada sau biyu har na iya.

Ranar Talata aka sallami Tochukwu. Bayan azahar na sake buɗe akwatin kayan aiki. Akwai wata guduma, ta fi waccan nauyi. Na sa ta a aljihu ɗaya, waya a ɗayan. Gidan Nwabueze bene ne a cikin Sabon Gari, shi yana ƙasa, ɗansa da iyalinsa suna sama. Matasan layin suka gan ni suka miƙe. Ban dube su ba.

Uchechi ce ta buɗe ƙofa, matar Tochukwu. Tela ce, mace mai jiki, ba ta da yawan magana. Ta gan ni ta tsaya a bakin ƙofar.

"Me ka manta? Ɗaya hannun?"

"Ki gaya wa surukinki Kyari ne."

Daga ciki Nwabueze ya ce ta bar ni.

Suna falo. Tochukwu na kwance a doguwar kujera, hannun a naɗe har gwiwa, an ɗora shi a kan matashi. Nwabueze na zaune a kujerar roba, ba ya iya jingina. Ba wanda ya ce in zauna. Na ajiye wayar a kan tebur na danna.

Suka saurara har ƙarshe. Nwabueze ya sunkuyo.

"Wane ne Mutumin Gashuwa?"

"Ɗana."

"Shekara arba'in ina shiga gidanka, ban taɓa jin wannan sunan ba."

"Ba na waje ba ne."

"Amma ka ba wancan."

"Ya yi mini sallama."

Tochukwu ya yi wata irin dariya, ta koma tari.

Na ce, "Ni ne. Ba shi ba ne." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Na zaro gudumar na ajiye a kan tebur. Na durƙusa, da ƙyar, saboda haƙarƙarin. Na shimfiɗa hannun damana kusa da ita, na baje yatsu.

"Biyu na yi maka. Ka yi biyu."

Tochukwu ya dubi gudumar, ya dube ni.

"Da wane hannun zan ɗaga ta, Baba?"

"Ubanka ya yi maka."

"Ɗauki kayanka, Kyari," in ji Nwabueze. "Ka tashi. Wannan ba gareji ba ne."

"Ba zan tashi ba."

"Ka ji shi ko? Ko a durƙushe sai ya ba da umarni."

Ba wanda ya lura da Uchechi. Ta zagayo ta bayana. Na ga inuwarta a kan tebur, na ga hannu biyu sun ɗauki gudumar. Tochukwu ya kira sunanta. Nwabueze ya yunƙura, bayansa ya hana shi. Ina da lokacin janye hannuna. Ban janye ba.

Ba ta iya bugu ba. Gefen gudumar ne ya sauka, ya kwashe ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Wuta ta tashi daga hannun har cikin haƙorana. Tebur ya tsage. Na ciji harshena don kada yaran da ke sama su ji ihuna. Ta ɗaga za ta ƙara. Ta dubi jinin da ke bin tsagar teburin. Sai ta saki gudumar a ƙasa, ta zauna a wurin, ta rufe fuska da zanenta.

"Saura ɗaya," na ce.

"Rufe mini baki," in ji Nwabueze.

Ya sauko daga kujera da rarrafe. Ya cire tawul ɗin da ke wuyansa ya naɗe hannun, ya ja ƙulli da haƙori. Ya tashe ni, ko ni na tashe shi, ban sani ba. Muka fita tare. Matasan layin suka matso, ya kore su da ido. Ya tare adaidaita, ya gaya wa direba asibitin da zai kai ni. Ya sa ni a ciki, ya gyara mini rigata da ta maƙale a ƙarfe.

"Nwabueze," na ce.

"Ka gai da Kubura. Matata za ta riƙa zuwa duba ta, wannan ba ruwanka." Ya dafa rufin adaidaitar yana numfashi. "Kai kuma kada ka ƙara tako layin nan, Kyari. Kada ka kira ni. In ka ji na mutu, ka zo."

Ya buga rufin sau biyu, direba ya ja.